Reshen Ranar Alhamis

Wata biyar cur Mashkura ta yi tana kuka a gidan mahaifinta Alhaji Surajo da ke Kubwa kafin ta ci nasara. Da nasarar ta tashi zuwa kuma, ba kiɗa ba guɗa, ranar Laraba ta zo da hantsi, Alhaji yana ɗaura agogo zai tafi shagonsa na kayan gini a kasuwar Dei-Dei.

"Kira min 'yarki," ya ce da matarsa Hajiya Rakiya, ko kallonta bai yi ba.

Mashkura ta shigo ta durƙusa a bakin kafet, ta sunkuyar da kai.

"Na gaji," in ji Alhaji. "Ke ba yarinya ba ce, shekararki ashirin da biyar, har digiri na biya miki kika yi. Jibi Juma'a, in na sauko daga masallaci, ki faɗa min suna ɗaya. In Muktar ne ɗan aminina, alhamdu lillahi. In ma mai sayar da ciyawar nan ne na bakin titi, na ba shi. Amma suna ɗaya, sau ɗaya. Bakin da ya faɗa kar ya dawo min da wata magana."

"Furanni ne, Abba, ba ciyawa ba."

"Duk abin da akuya za ta ci ciyawa ne."

Ya ɗauki makullin motarsa ya fice. Mashkura ta faɗa jikin mahaifiyarta tana dariya tana kuka, Hajiya tana ture ta tana cewa, "Ɗaga ni, 'yar nema, sai kin karya ni?"

Wa zai ga laifin Alhaji? Lokaci ne da Abuja take cin siminti ba ta ƙoshi. Dajin da ka wuce bara, bana ka tarar da benaye. Duk mai ɗa injiniya gani yake ya haye, Muktar kuwa injiniya ne a wani kamfani mai gina rukunin gidaje, ga mota, ga ladabi, ga zumuncin shekara talatin tsakanin iyaye. Shi kuwa Abdulbasit mai furannin ba shi da komai sai wani ɗan fili a gefen titin Kubwa, inda ya jera shuke-shuke a baƙaƙen ledoji, da rumfar kwano, da tsohon babur.

A wannan ɗan filin ne Mashkura ta fara ganinsa. Ilmin tsirrai ta karanta, kuma wani ofishin bincike a wajen Sheda ya ɗauke ta tana zana musu ganyaye da fensir don littafin itatuwan magani da suke haɗawa. Wata rana ta tsaya a lambunsa tana zana wani reshe, ya zo ya tsaya a bayanta da bokitin ban ruwa, ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce, "ganyen nan ba haka yake ba."

Ta juyo a fusace. Mai ban ruwa ne zai koya mata aikinta?

"Kin jera su biyu-biyu suna kallon juna. Ki duba, ɗaya ne a nan, sai an ɗan hau sannan ɗayan. Ganyen da ke kanki kika zana, ba wanda ke gabanki ba."

Ta duba. Gaskiyarsa ce.

Daga ranar ya zama malaminta. Shi ya koya mata ta yi minti goma tana kallo kafin fensir ya taɓa takarda. Shi ya koya mata karkata ganye a hasken rana don jijiyoyinsa su fito, da shafa bayansa da yatsa don jin ko yana da gashi. Kullum kuma sai ya ce mata, "Ki fara daga gindi, daga inda aka yanke." Wannan kam ba ta taɓa bi ba. Ganyen ne ke burge ta, gindin sai ta yi masa 'yar inuwa ta wuce.

Ana haka saƙon ya fara zuwa. Kowace Alhamis da sassafe maigadinsu, wani dattijo mai suna Abraham, zai miƙo mata reshe ɗaya naɗe a jarida mai laima. Ba wasiƙa, ba suna. Yau kalgo, wani sati taura, wani sati ɗinya ko maje, itatuwan daji da take wahalar samu. A sati na uku ta je lambu ta ce, "Malam Abdul, na gode da saƙo." Ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, ya ce, "Allah Ya sa kina jin daɗinsu."

A ranar so ya zama ƙauna. Mutumin da zai tashi da asuba ya shiga daji don ya samo maka ganye, ai ya gama maka komai. Duk reshen da ta zana sai ta sa harafin A ƙarami a ƙasansa, sannan ta danne reshen a cikin jarida ta adana. Duk sanda Alhaji ya yi mata faɗa, littafin zanen nan take buɗewa ta samu ƙarfin ci gaba da kuka.

Shi kuwa Muktar, tun ranar da ya kawo mata akwatin fensira na ƙasar waje ta wanke shi tas. A gaban Hajiya ta tura masa abinsa ta ce, "Yaya Muktar, duk abin da ya fito daga hannunka ba na so." Ya ɗauki akwatinsa shiru ya tafi. Bai fasa zuwa gaishe da iyayenta ba, amma bai sake kawo mata ko allura ba.

*

Washegari Alhamis, reshe na ashirin da biyu ya iso. Gwandar daji ce, ganyenta faffaɗa, da jar ƙasa a jikin jaridar.

Mashkura ta zauna a baranda da littafinta, zuciyarta fes. Ta ƙudura wannan zanen zai fi duk na baya, shi za ta kai wa Abdulbasit tare da albishir. Kuma don ta faranta masa, yau za ta bi maganarsa, ta fara daga gindi.

Ta kwantar da reshen, fuskar ganyen tana kallonta. Ta matso da gilashinta mai ƙara girman abu, ta zuba wa wurin yankan ido.

Yankan a karkace yake. Ya shiga daga gefe ɗaya, ya zame ƙasa, ya fita ta ɗaya gefen, ya bar ɗan siririn ɓawo yana reto. Ta fara zanawa a hankali, har ta kai ga ɗan ɓawon, sai fensirin ya tsaya.

Wannan ai yankan wuƙa ne.

Abdulbasit ba ya taɓa icce da wuƙa. A gabanta ya taɓa yi wa wani direba faɗa don ya sa wuƙa a reshen fure, ya ce wuƙa tana yage fatar icce ta bar masa ciwo. Almakashinsa na lambu a aljihunsa yake kwana, yankansa kuwa a miƙe yake, fes, ba ya barin ɓawo. Sau nawa ta gani?

"To, wataƙila ya manta almakashin ne yau," ta faɗa a fili, ta yi 'yar dariya.

Dariyar ba ta zauna ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta jawo tarin jaridun daga ƙarƙashin gado, ta baza busassun rassan a ƙasa. Kalgo, wuƙa. Taura, wuƙa. Ɗinya, wuƙa. Tun daga na farko har na yau babu wanda almakashi ya taɓa. Kuma duk ta hagu wuƙar ta shiga, ta fita ta dama.

Ta ɗauko wuƙa a kicin ta nufi bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gida. Ta kama reshe ta yanka. Wuƙar ta shiga ta dama. Ta sake wani, haka. Ta tsaya tana kallon hannunta kamar ba nata ba, sannan ta mayar da wuƙar hannun hagu, ta yanka da ƙyar.

Ta kara shi da gwandar dajin. Kamar an tsaga kara.

"Ke! Me lemuna ya yi miki?" Hajiya ce ta leƙo ta taga. "Murnar ce ta taɓa miki kai?"

Mashkura ta tsaya da wuƙa a hannu. Wani abu ne ya faɗo mata, wata Babbar Sallah suna yara a gidan su Muktar, ana yankan nama, wata gwaggo tana tsokanar sa, wai an daki hannunsa na hagu da ludayi har ya koyi cin tuwo da rubutu da dama, amma da ya ga wuƙa sai halin ya dawo. Ta girgiza kai da ƙarfi. Bahago ɗaya ne a duniya? Abuja cike take da mutane.

Ta nufi bakin get ba ko takalmi.

"Baba Abraham, don Allah wa yake kawo ganyen nan?"

Dattijon ya miƙe yana gyara hula. "Ah, ƙaramin madam, wannan magana ya fi ƙarfina. Mutumin ya sa na yi rantsuwa."

"Ban ce ka faɗi sunansa ba. A babur yake zuwa?"

"Babur?" Abraham ya yi dariya. "Wane babur? Motan ma a can kwana yake fakin, ya tako da ƙafa don kar oga ya ji ƙara..."

Ya kama bakinsa da hannu biyu, amma ta riga ta juya.

*

Rana ta take lokacin da tasi ta ajiye ta a bakin lambun. Abdulbasit yana tsugune yana cusa ƙasa a leda. Da ya hango ta ya miƙe yana kakkaɓe hannu, fuskarsa ta washe, irin washewar da kullum ke narkar da ita. Yau ma sai da ta narkar da ita, abin da ya ƙara rikita ta ke nan.

"Ranki ya daɗe, da ranar nan? Shigo rumfa."

Ta zauna a benci. Ta buɗe jaridar ta ajiye reshen a tsakaninsu.

"Abba ya yarda," ta ce. "Gobe bayan Juma'a zan faɗi suna, wanda na faɗa shi zai ba."

"Allahu Akbar!" Ya dafe kai, idonsa ya kawo ruwa. "Mashkura, da gaske? Alhaji da kansa?"

"Malam Abdul, a ina ka samo wannan?"

Ya kalli reshen. "Wannan? A... can wajen Bwari."

"Da me ka yanka?"

Ya sosa ƙeya. Manyan motocin yashi suna ta wucewa a titi, rumfar tana girgiza.

"Ɗauka ka duba gindin," ta ce. "Kai ka ce in riƙa farawa daga gindi. Yau na fara."

Ya ɗauka. Kallo ɗaya ya yi masa ya ajiye. Mai lambu ba ya buƙatar kallo na biyu.

"Ba ni ba ne," ya ce a hankali. "Ban taɓa aiko miki ko ɗaya ba."

Ta san amsar tun a gida, amma jin ta daga bakinsa daban ne. Hawaye suka ɓalle mata.

"Sati ashirin da biyu! Ina zuwa nan ina yi maka godiya, kana cewa Allah Ya sa ina jin daɗinsu!"

"Ban taɓa cewa ni ne ba."

"Ka taɓa cewa ba kai ba ne?"

Ya durƙusa a gabanta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. "Ki saurare ni, don girman Allah. Ranar da kika zo kika ce kin gode, kin san irin kallon da kika yi min? Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa yi min irinsa ba. Na buɗe baki zan ce ba ni ba ne, bakin ya ƙi. Na ce sati mai zuwa zan faɗa. Sati ya zo, kika zo da zanen taura kina murna, na ce bari wani satin. Ni me nake da shi, Mashkura? Ga shi nan kina gani, leda da taki. Abu ɗaya ne ya ɗaga ni a idonki, in sa hannuna in karya shi?"

"Ba shi kaɗai ba ne! Kai ka koya min kallon ganye. Tun kafin saƙon nan ina sonka."

"To ki riƙe wannan ɗin. Wannan nawa ne, ban ara a wurin kowa ba."

"Ta yaya zan raba su?" Ta ɗaga littafin tana kuka. "Duk daren da Abba ya yi min faɗa, wannan nake buɗewa in ce mai shiga daji domina ba zan bar shi ba. Da fuskarka nake ganin mutumin, Abdul. Yanzu in na cire shi, ban san nawa ne ya rage naka ba."

"Kin san ko wane ne?"

"Kai ka sani?"

Ya kawar da kai. "Ban nema ba. Tsoro nake in sani."

Ya goge ido da bayan hannu, ya yi wata dariya marar daɗi. "Ikon Allah. Da ban koya miki duba gindi ba, da gobe war haka an ba ni ke."

"Da ka gwammace haka?"

Ta zuba masa ido tana jira. Kalma ɗaya take nema, a'a kawai, da ta ɗauke ta ta tafi da ita gida ta rufe maganar. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya kalli ƙasa.

Ta naɗe reshenta a jarida ta miƙe. Yana kiran sunanta har ta tsallaka titi.

*

Ranar Juma'a da hantsi Hajiya ta leƙo ɗakinta. "Muktar ne a falo. Ya ji yadda kuka yi da Alhaji, ya ce sallama ya zo yi miki. Ki fita ki rabu da ɗan mutane lafiya, kar ki yi masa rashin kunyar nan taki. Wai me ya sami idonki? Ke da aka ba abin da kike so?"

Mashkura ta ɗauki littafinta, da fensir, da reza. Kafin ta fita ta danna bakin fensirin a bango ya karye.

Muktar yana zaune a gefen kujera cikin farar shadda. Suka gaisa sama-sama.

"Ba zan daɗe ba," ya ce. "Na san sunan da za ki faɗa. Na zo ne in ce babu komai a raina, kuma zan yi wa Baba bayani don kar zumuncinsu ya taɓu. Allah Ya sa alheri."

"Yaya Muktar, feƙe min fensirin nan."

Ya ɗago da mamaki. Wata biyar ba ta roƙe shi ko ruwa ba. Ya karɓi fensirin da rezar da hannun dama kamar yadda aka hore shi. Sannan, ba tare da ya lura ba, ya riƙe fensirin a dama, rezar ta koma hagu.

Ta zuba wa hannun ido. Akwai ƙananan karce a bayansa, sababbi da tsofaffi, irin na ƙaya. Rezar tana shiga ta hagu tana zamewa, ɓawon fensirin yana zuba a kan farar shaddarsa.

"A ina ka samo gwandar dajin?"

Rezar ta tsaya.

"Abraham ne ya faɗa miki?"

"Hannunka ne ya faɗa min."

Ya kalli hannun, ya yi saurin sauke shi kamar yaron da aka kama.

"Me ya sa ba ka sa suna ba?" ta tambaya. "Me ya sa ka bar ni ina..."

"Ke kika ce duk abin da ya fito daga hannuna ba kya so. Ni kuma na ji kina gaya wa Hajiya itatuwan daji suna yi miki wahalar samu. Sai na ga in babu sunana za ki karɓa."

"Ka san wa nake zato?"

"Na sani. Abraham ya gaya min tun a wata na farko."

"Kuma ka ci gaba?"

"Littafin ai bai cika ba."

Ta ji kamar ta kwaɗa masa littafin a ka. Wane irin mutum ne wannan? Da ya yi fahariya, ko ya zagi Abdulbasit, da ta san inda za ta ajiye shi.

"Kana tashi da asuba ka shiga daji domina," ta ce, hawaye na zuba.

"A'a." Ya girgiza kai. "Kar ki ɗora min abin da ban yi ba. Ba daji nake shiga dominki ba, wurin aikina ne. Duk filin da za mu share, ni nake zuwa in duba kafin a sa katafila. A nan nake yanko miki. Kalgon nan, da taurar, da ɗinyar, babu ko ɗaya da yake tsaye yanzu. Gwandar jiya ma, Litinin za a ture ta."

Mashkura ta buɗe baki tana kallonsa. Ta dubi littafin da ke cinyarta, shafi ashirin da biyu da ta zana da ƙauna.

"Wato gawawwaki kake aiko min."

"Haka ne."

"Kai ne mai kashe su!"

"Ni ne. Sau ɗaya na roƙi ogana a bar wata tsohuwar kaɗanya, ya ce inuwarta ta cinye wurin ɗaki biyu. Ban sake roƙo ba, kuma ban bar aikin ba. Na dai ga in kin zana su, wani abu ya rage."

"Me ya sa kake gaya min wannan? Da ka yi shiru, da na ɗauka..."

"Da kin ɗauka ni wani ne daban." Ya miƙo mata fensirin, bakinsa ya yi tsini. "Kin sha wahalar wannan sau ɗaya, ya isa."

Ta kalli fensirin a hannunsa. Ta daɗe tana kallo kafin ta karɓa.

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. A bakin ƙofa ya juyo. "Kar ki canza suna saboda ganye, Mashkura. Yaron nan yana sonki, kuma shi shukawa yake yi."

Ya fita ya bar ta da ɓawon fensir a kan kafet.

*

Ta koma ɗaki ta kulle. Ta yi alwala ta yi salla, ta roƙi Allah zaɓi, ta tashi kanta yana nan a ɗaure. Ɗaya yana raya itatuwa, ya zauna a kan ƙarya wata biyar, kuma da za a sake da ya ƙara. Ɗaya yana kashe su, ya ƙi karɓar ko yabon da ta miƙa masa da hannunta. In ta rufe ido, murmushin Abdulbasit take gani. In ta buɗe, hannun nan mai karce take gani. Ita dai ta san ta so wani mutum har ta yi wata biyar tana yaƙi da ubanta a kansa, ga shi an wayi gari mutumin babu shi.

Ta ɗauki kilina ta buɗe shafin farko. Ta goge harafin da ke ƙasan kalgo. Ta goge na taura. Tana gogewa tana kuka, har ta kai na ashirin da ɗaya. Ba ta rubuta komai a gurbinsu ba.

Ƙarar motar Alhaji ta ji a bakin get.

Ya zauna a kujerarsa da babbar riga, carbi a hannu, Hajiya a gefe. Mashkura ta durƙusa a inda ta durƙusa shekaranjiya.

"To, ina jin ki," in ji Alhaji. "Ko da yake na san karatun. Na riga na gaya wa ƙanena ya shirya karɓar mutanen mai ciyawa."

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta.

"Ke nake saurare. Suna ɗaya."

"Abba, ko za a ƙara min sati..."

"Ban ƙara ko awa. Wata biyar kika hana ni barci a gidana. Yau za a gama."

Hajiya ta taɓa ta da ƙafa. "Faɗi mana. Ba shi kike ta kuka a kai ba?"

Mashkura ta ɗago. Sunan Abdulbasit yana kan harshenta, ya saba da wurin, sau dubu ta faɗe shi a falon nan. Ta tuna shi durƙushe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta tuna tambayar da ta yi masa da yadda ya kalli ƙasa.

"Bahagon, Abba."

Carbin ya tsaya. "Wane bahago kuma? Su uku ne?"

Hajiya Rakiya ce ta gane. Ta dafe ƙirji ta ce, "Muktar? Ke Mashkura, kina cikin hankalinki?"

"Ban sani ba, Umma," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

Alhaji ya dube ta, ya dubi matarsa. Abin da ya yi wata biyar yana nema ne aka miƙo masa, amma fuskar 'yarsa ta hana shi murna. "Kin tuna sharaɗina?" ya tambaya a hankali. "Sau ɗaya ne."

"Na tuna."

"Shi ke nan. Allah Ya yi albarka."

Ta tashi ta koma ɗaki. Littafin yana buɗe a kan gado, a shafin kalgo, fensirin da Muktar ya feƙe yana kusa da shi. Ta ɗauka za ta rubuta sabon harafi, sai hasken taga ya faɗo a kan takardar. Hannunta da kansa ya karkata shafin, yadda aka koya mata karkata ganye don jijiya ta fito.

Harafin yana nan. Baƙin ya goge, amma ta danna fensirin sosai ranar da ta rubuta shi, ya bar gurbi a jikin takardar. Ta buɗe shafi na biyu ta karkata, yana nan. Na uku ma haka.

Ta ajiye fensirin, ta kifa fuskarta a kan littafin.